Ɗakin da Gam Ya Ƙi Kamawa

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wadda kewa ta dama, da fatan gwiwar nan tana barin ki ki runtsa, kunnen kuma bai ƙara nauyi ba. Ni lafiyata ƙalau, sai murar da ba ta barin ɗakin kwanan ɗalibai, wannan ta warke waccan ta ɗauka. Na san in na kira ki a waya sai dai mu yi ta "me kika ce" har katin ya ƙare, shi ya sa na ba direban motar garinmu wannan takarda ya kawo miki.

Gwaggo, taimakonki nake nema. An ba mu aikin ƙarshe a makarantar zanen gine-gine. Kowa zai gina ɗan ƙaramin gida na roba da kwali a kan allon katako, a ɗora a tebur, malamai su zagaye shi su ba da maki. Ba gidan gaske ba ne, irin wanda nake yi ne da kwalin sukari ina ƙarama har kika raɗa min 'Yar Kwali, sai dai wannan da awo ake yin sa, mita ɗaya ta koma santimita biyu. Ni gidanmu na zaɓa. Na riga na ce wa Yaya ya auno min shi. Zan rage shi, in yanka shi biyu, in ɗage rufin don a ga ciki. Ɗakinki ne kawai ba zai samu shiga ba, ya turo ta baya ya fita daga layin sauran ginin, allon ba zai ɗauke shi ba, saboda haka cire shi zan yi.

Matsalata roba. A nan duk ajinmu mun zama 'yan bola, kofin yogot ba ya kaiwa ƙasa wani ya cafe. Ke kuwa na san buhunan da ke ƙarƙashin gadonki da na bayan ƙofa, waɗanda kike tarawa don sabulun ruwanki. Amma ba kowace roba nake so ba. Ki ɗaga ki saki a kan siminti. In ta yi ƙara ƙas, ita ce. In ta faɗi ɗif babu amo, ki bar kayarki. Wadda in an lanƙwasa take yin farin layi ta karye, ita gam ke narkarwa ta haɗe da 'yar uwarta. Ki dubo min gidajen kaset ɗin nan na cikin kwali, da su zan yi gilashin taga. Sai cokulan roba, da bututun biron da ya ƙare don indararo, da tsinken goge kunne, da hangar rataye kaya da ta karye. In akwai matajin da haƙoransa suka fara zubewa ki haɗa da shi, zai yi min ƙarafan taga.

Gam kuma iri uku ne. Na masu gyaran famfo wanda suke haɗa bututu da shi, da farin gam na kafinta a 'yar kwalba, da sufa gulu. Don Allah kada ki aiko da na masu gyaran takalmi, na gwada shi ya cinye min bango guda sukutum ina kallo.

Ki yi haƙuri da rubutun, yatsuna duk gam ne, biron ma da ƙyar yake sakina. A gaida Yaya da iyalinsa.

'Yarki,
'Yar Kwali


Ke 'Yar Kwali,

Wa alaikumus salam. Na amsa ne don amsa sallama wajibi ce, ban da haka ko ita ba za ki samu ba. Kin tambayi gwiwa, tana nan yadda kika bar ta. Kunne ma yana nan. Ido dai garau yake, kuma da shi na karanta abin da kika rubuto.

Takardarki a manne ta zo. Na sa farce, na sa wuƙa, na kara ta a tururin tukunya, da ta tashi buɗewa sai tsakiyarta ta bi ɗaya ɓangaren ta yage. Amma Allah ya bar min abin da ya kamata in gani. Ga shi nan ina kwafa miki, kada gobe ki ce ƙarya na yi miki: "gidanmu na zaɓa. Na riga na ce wa Yaya ya auno min shi. Zan rage shi, in yanka shi biyu." Sai can ƙasa: "Ɗakinki ne kawai ba zai samu shiga ba." Sai kuma: "cire shi zan yi."

Sannu da ƙoƙari, injiniya. Ashe abin da aka tura ki koyo ke nan. Ubanki, yayana, shi ya gina min ɗakin nan da hannunsa lokacin da mijina ya rasu na dawo gida da akwati ɗaya. Ƙasar kabarinsa ba ta gama kwantawa ba, kun fara yanka gida biyu, kuma a duk gidan ni ce ba ni da wurin shiga.

Ashe shi ya sa na ga yayanki da wani magini suna zagaye ɗakina da tef ɗin awo, suna ƙwanƙwasa bangon da ke kallon layin baya. Na leƙo ta taga na ce lafiya, ya ce ba komai Gwaggo. Ashe aikenki ne ake cikawa. Tun ranar da takardarki ta zo ban sake amsa gaisuwarsa ba, kuma ban gaya masa dalili ba, shi ma ya sani ai.

Sannan don tsabar rashin ta-ido, a takarda ɗayar kike roƙona roba. Har kin san ta ƙarƙashin gado da ta bayan ƙofa. In kwashe in aiko miki don ɗakin ya yi saurin zama fayau, magini ya ji daɗin shiga, ko? Wai in ɗaga in saki in ji ƙara. Ni kika ɗaga kika saki, yarinya, kuma ga ƙarar nan kina ji.

Ko murfin kwalba ba zai fita daga ɗakin nan ba. Ni ma ba zan fita ba. In kin ga dama ki zo da kanki ki cire, ki kalli idona kina cirewa. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi da ke ba, jiya har sabulu na ɓata, na zuba turare sau biyu ban sani ba.

Ƙanwar ubanki, in har yanzu ana lissafi da ita


Haba Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kina lafiya, amma ni ba lafiya nake ba. Motar direba ta lalace a hanya, na yi ta sintiri a tasha ina jiran buhu, har masu lodi suka fara tsokanata wai amaryar tasha. Da ya iso sai ya miƙo min ambulan siriri kamar ba komai a ciki. Na buɗe a tsaye a wurin, na karanta, na zauna a kan tayar wani na yi kuka don haushi.

Gidan wasa ne, Gwaggo! Na roba! Ko kaza ba za ta iya kwana a ciki ba. Layukan da suka faɗi haka su gam ya cinye. Aikin jarrabawa ne, kowa an ba shi allo iri ɗaya, kuma ɗakinki a zane ya wuce bakin allon, shi ke nan fa maganar. Da reza zan yanka shi biyu, a kan tebur.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kin yarda. Rabin takarda ya yage, kika cike gurbin da mafi munin abin da za a iya zato, kika rataya min. Ni da ko tukunya ban mallaka ba zan raba gida? Ni da kike ba wa mabuɗin akwatinki? Da wata ce ta kawo miki wannan labarin a kaina, da kin kore ta da tsintsiya, amma da kika gan shi da rabin rubutuna sai kika karɓa hannu biyu.

Maganar magini ban san ta ba. Awo kawai na roƙi Yaya, har yau ma bai aiko ba, da ka nake zana gidan. Wataƙila ya samu mai riƙe masa bakin tef ne. Ki amsa masa gaisuwarsa, bai yi miki komai ba, na rantse miki.

Lokaci yana ƙure min. 'Yan ajinmu sun kai rufi, ni ina nan da allo da fensir. In ban kai aikin nan ba sai in maimaita shekara, kuma kin san ba mai sake ɗaukar min nauyin wata shekarar. Ki aiko da abin da na roƙa, ko ki ce ba za ki aiko ba in san inda na nufa. Na wanke hannuna da sabulu kafin in taɓa wannan takarda, kuma ban ninke ta ba, in kin ga wani mugun abu a ciki to ni na rubuta shi.

'Yar Kwali


'Yar Kwali,

Sallama da gaisuwa. Gwiwa da sauƙi, mai gyaran famfon unguwarmu ya ce in riƙa ɗora ta a kan matashi, ban san inda ya karanci likitanci ba amma ta yi sauƙin. Ki sha magani ki rabu da murar nan.

To, na ji. Gidan wasa ne. Na yi dariya da na gane, har na dafa ƙofa. Sai dai dariyar ba ta yi nisa ba ta tsaya, don na zauna na yi tunani. Da allon ya gaza, me ya sa ɗakina ne ya fara faɗo miki a rai? Banɗaki ya shiga? Ya shiga. Kejin tattabarun yayanki fa? Na san ya shiga, don kina son su. Tankin ruwa ma na tabbata kin samar masa murfin man goge baki. Ni kaɗai ce na wuce bakin allo. Ki matsa da gidan gaba mana, ki yanke rumfar ƙofar gida, wa ke kwana a rumfa?

A ɗakin nan kika yi ƙyanda, ni na riƙe miki hannu kada ki sosa. A nan kike ɓuya in an aike ki kin ƙi. A nan kika yanka kwalinki na farko da almakashina, kika dasashe min shi. Yau za a ɗora gidan ubanki a tebur manyan malamai su kalla, a ce ga gidan su wance, kuma babu alamar na taɓa zama a ciki. Kin ce wasa ne. Ni ban ga wasa a nan ba, kuma har yanzu haushinki nake ji.

Duk da haka ga buhu nan. Na juye kayan a tsakar gida ina ɗagawa ina saki ɗaya bayan ɗaya, ni da kunnen da kika sani, sai na durƙusa nake jin ƙas ɗin. Matar yayanki ta leƙo ta koma, na san ta ce tsohuwa ta fara taɓuwa. Na zare kaset-kaset ɗin na aiko miki da gidajensu. Mataji biyu ne, ɗayan lafiyarsa ƙalau amma na gaji da shi. Gam ɗin famfo yana cikin safa, ki buɗe a waje, warinsa na hawa kai.

A ƙasan buhun za ki ga wani abu a naɗe da tsumma. Ɗakina ne. Gindin ƙaramar jarka na yanke da wuƙa mai zafi na kife shi, na huda taga inda taga take, na yanka ƙofa tana kallon cikin gida, na rataya mata labule da gefen tsohon zanena. Ban san santimita ba, da ɗan yatsa na auna. Tunda ke ba ki da lokacinsa, ni na yi miki. Ki manna shi inda yake.

Gwaggonki


Gwaggo,

Na gaishe ki, na gode, buhu ya iso lafiya, murar ma ta tafi. A gurguje nake rubutu.

Kayan sun yi. Gidajen kaset sun zama tagogi, 'yan ajinmu sai tambaya suke a ina na samu. Sufa gulu ya sa wa na farko hazo fari fat, sai na koma farin gam, shi in ya bushe ba a ganin sa. Matajin mai lafiya ya zama ƙarafan tagar falo. Bango ya tashi, rufi ya hau.

Saura ɗakinki, kuma shi ya hana ni sakat. Gwaggo, robar jarka ce! Ita ce fa mai ɗif ɗin da na ce ki bar kayarki. Ki shafa ki ji, santsi gare ta kamar kyandir. Na sa gam ɗin famfo, ya bushe ya ɓare. Na sa sufa gulu, ya yi kamar ya kama, ina ɗaga allon ya faɗo. Na kankare shi da sanfefa na sake, ya sake faɗowa, ya tafi da fentin bangon da na wuni ina yi. Babu gam ɗin da zai haɗa ɗakinki da gidan nan, ba jinsinsu ɗaya ba. Ga shi ya fi awo, ya kere ɗakin Baba tsayi. Malaminmu kuma ya faɗa da bakinsa, duk abin da ya leƙa wajen allo maki zai ci.

Kin ɗora min aiki a kan aiki don kawai ki huce. Yana nan a gefen tebur na ajiye. Ki bar ni in gama abin da aka sa ni, kuma don girman Allah kada ki sake juya min magana, roba nake nufi.

'Yar Kwali


'Yar Kwali,

Wa alaikumus salam ko da ba ki yi sallamar ba. Jiki da sauƙi. Sauran ba sauƙi.

"Ba jinsinsu ɗaya ba." Na karanta, wannan karon babu abin da ya yage. Na san roba kike nufi, ba sai kin sake zama a kan tayar mutane kina kuka ba. Ki saurara ki ji abin da rantsuwarki ta jawo min.

Kin ce in amsa wa yayanki gaisuwa, bai yi min komai ba. Na ga gaskiyarki, na ce bari in je har inda yake in wanke kaina, tunda ni na share shi. Na same shi a tsakar gida yana wanke babur. Na ce, "Ƙanwarka ta rubuto min kan maganar cire ɗakina." Ina shirin in yi dariya in ba shi labarin gam da tururin tukunya. Sai ya saki tsumman a bokiti ya miƙe.

Ya ce, "Wa ya gaya mata? Ai na ce kada kowa ya ji sai an kawo bulo."

Na ce, "Wane bulo?"

A nan ya gane ya yi suɓul da baka, amma magana ta riga ta fita. Sai ya gyara murya ya fara yi min bayani kamar mai sayar da fili. Wai tunda aka zuba kwalta a layin baya mutane suke bi, bangon ɗakina yana bakin hanya, asara ce a bar shi haka. Za a fasa shi a sa ƙofar ƙarfe, a toshe ƙofar ciki, ya zama shago. Har wani mai kemis ya zo ya gani ya yaba.

Na ce, "Ni fa?"

Ya ce, "Haba Gwaggo, wa zai bar ki a waje? Sito za a gyara miki, har fanka za a sa."

Sito, 'Yar Kwali. Inda keken ubanki da gwangwanayen fenti suke, inda ko taga babu. A nan zan dama sabulu, a nan zan shanya kwalabe. Na ce masa ubanka da ya gina ɗakin nan, cikin gida ya juya ƙofarsa don kada in taɓa jin ni baƙuwa ce, kai kuma za ka juya ta titi. Ya ce, "Gwaggo ki duba zamani, iyali na ƙaruwa." Na ce na duba, na ga zamanin yana wanke babur. Na faɗa masa wasu maganganun da ba zan rubuta ba, matarsa tana bakin ƙofa tana ji, ban rage murya ba.

Yanzu ke nake tambaya, kuma ki ba ni amsa ɗaya. Kin sani ko ba ki sani ba? Hannunki ya riga bakinsa, ke kika fara rubuta cire shi zan yi, ke kika ce maginin mai riƙe tef ne, ke kika rantse. Zuciyata tana ce min ba ki sani ba, amma zuciyar nan ta ce min yayanki ma ba zai yi ba. Gidan nan kina da haƙƙi a cikinsa kamar yadda yake da shi. In kina da baki, yanzu ne lokacin buɗe shi. Ina jiran amsarki, amma ki sani ba a sito zan jira ta ba.

Gwaggonki


Yaya,

Ina gaisuwa don kai babba ne. A gaida yara, su ba ruwansu.

Na kira ka har na gaji ka ƙi ɗagawa, to ga shi a rubuce. Takardar Gwaggo ta kwana ta wuni a gaban motar direba kafin ya tuna ya ba ni, ban san me ka aikata a tsakanin nan ba, kuma tsoron abin da ka aikata ya hana ni cin abinci.

Ashe awon da na roƙe ka ka yi shi, kanka ka yi wa. Ina nan ina zana gidan ubanmu da ka, kai kana can da tef da magini kana ƙwanƙwasa bangon tsohuwa tana ciki. Ta leƙo ta tambaye ka, ka ce ba komai. Ni kuma na rantse mata a kanka, na tura ta da ƙafarta ta je ta ba ka haƙuri. Ka mayar da ni maƙaryaciya a idon matar da ba ta taɓa kulle min ƙofa ba. Wallahi Yaya ban taɓa jin kunyar zama ƙanwarka ba sai yanzu.

Ka ji da kyau. Ina da rabo a gidan nan, kuma ban yarda ba. Kada guduma ta taɓa bangon nan. In shago kake so, ga rumfar ƙofar gida, ga kejin tattabarunka, ka fasa su. Sito kuma ka shiga ka rufe ƙofa ka zauna, in ka iya kaiwa la'asar ka zo mu yi magana.

Na kai aikina, in kana son sani. Gwaggo ta aiko min da ɗakinta da ta yanka daga jarka, gam ya ƙi kama shi. Da takardarta ta zo na ɗauko shi daga gefen tebur, na gasa allura na huda shi, na huda bangon gidan, na zare wayar jan ƙarfe daga tsohuwar caja na ɗinke su. Allon na ƙara masa guntun rula ta ƙasa. Ya fi awo, ya karkace, launinsa ma daban. Malamin ya nuna shi da biro a gaban kowa ya ce mene ne wannan ya leƙo waje, na ce ɗaki ne, akwai mai zama a ciki. Ya rage makin da ya ce zai rage. Na ci, ba da yabo ba, kuma ko a jikina.

Akwai wata takarda a cikin ambulan ɗin nan, Gwaggo na rubuta wa, amsar tambayarta ce. Ka miƙa mata hannu da hannu, ko wannan ɗaya ka yi min. Saura jarrabawar rubutu, ina ajiye biro zan hau mota, kuma ɗakinta zan sauka.

Ƙanwarka


'Yar Kwali,

Sallama. Ina lafiya, gwiwar ce ta tashi saboda ɗaukar kaya. Ina fatan kin gama jarrabawarki lafiya, wannan addu'ar ban fasa yi miki ba ko da ina fushi.

Na jira amsarki. Duk ranar da na san direba ya shigo sai in zauna a bakin ƙofa, har yayanki ya dawo daga tasha ya wuce ni da babur ko kallo babu. Ba takarda, ba saƙon baki. Tambaya ɗaya na yi miki, wadda kalma ɗaya ta isa amsa ta. Lokacin da kike neman bututun biro ba ki yi nauyin hannu haka ba. Shirunki na ɗauka amsa ce, kuma na gode da ba ki yi min ƙarya ba.

Kada ki sake ba da takarda a kai gidanku, ba na can. Ranar da aka sauke bulo a bayan tagata na ɗaure kayana. Yayanki ya tsaya yana cewa Gwaggo me mutane za su ce, na ce su faɗi abin da suka gani. Ban leƙa siton ba, an ce har an sa fankar. Wata da nake sayar wa sabulu ta ba ni ɗaki a gidansu, bayan shagon mai gyaran famfo, shi ya turo min gadon da buhunan a kura. Ɗakin ba laifi, sai dai in na fito tsakar gida sai na yi sallama.

Jiya na bi ta layin baya zan kai kwalabe. Sun fasa bangon. Daga titi ana hango inda kan gadona ya goge fenti, kowa ya wuce sai ya leƙa. Na tsaya na leƙa ni ma tare da mutane, wani yaro ya ce min Mama kemis za a buɗe. Na ce Allah ya sa albarka, na wuce. Ban yi kuka a titi ba, ba zan ba su wannan ba. Amma ban yafe ba, kuma kada wanda ya zo min da maganar haƙuri, ke ma har da ke.

Gwaggonki

Na manta. In malamanku sun gama kallon gidan, ki riƙe abinku, naku ne. Ɗan ɗakin kawai za ki naɗe min a tsumma ki ba direba, ya ajiye a shagon mai famfo. Ai kin ce gam bai kama shi ba, ba zai ba ki wahalar cirewa ba.